Tumakin da Aka Shaƙa wa Hayaƙi: Yadda Wani Asibitin Ƙuna Ya Bi Sawun Abin da ke Kashe Majinyatansa

Asalin matsalar

Lamarin ya shafi wani asibitin yara masu ƙuna da ke wani tsibiri a gaɓar tekun jihar Teksas ta Amurka, da ɗakin binciken dabbobi na jami'ar da ke maƙwabtaka da shi. An buɗe asibitin a shekarun 1960, daidai lokacin da jinyar ƙuna ta fara sauya fuska. An samu mayukan shafawa masu kashe ƙwayoyin cuta a kan miki. A 1968 Charles Baxter da Tom Shires suka fitar da lissafin ƙarin ruwa na asibitin Parkland da ke Dallas, wato mililita 4 a kan kowane kilo na nauyin majinyaci, a kan kowane kashi ɗaya cikin 100 na fatar da ta ƙone. Bayan 1970 kuma likitoci suka koma yanke mataccen nama da wuri su dasa fata, maimakon jiran ya ruɓe ya faɗi da kansa. Yaran da a da ƙunar rabin jiki kan tafi da su sai suka fara tashi.

Sai dai akwai rukunin da wannan ci gaba ya tsallake. Su ne waɗanda gobara ta ritsa da su a rufaffen ɗaki. Za a kawo yaro yana magana, hoton ƙirjinsa fes, ba abin da ake gani sai baƙin toka a hanci da dishewar murya. Kwana ɗaya ko biyu sai numfashi ya fara sarƙewa, iskar oksijin ta jini ta yi ta sauka duk da na'urar taimakon numfashi, wani kuma zuciyarsa ta yi rauni. An san wannan hoton tun gobarar gidan rawa na Cocoanut Grove a Boston, ranar 28 ga Nuwamba 1942, wadda ta ci rai 492. A daren nan likitoci sun ga mutanen da suka iso asibiti da ƙafarsu, ba wata ƙuna ta a zo a gani, amma suka shaƙe suka mutu bayan 'yan sa'o'i.

Girman matsalar ya fito da alƙaluma a 1987, daga cibiyar binciken tiyata ta sojan Amurka da ke San Antoniyo, bayan duba majinyata sama da 1,000. Shaƙar hayaƙi kaɗai na iya ƙara haɗarin mutuwa da kashi 20 cikin 100 a kan abin da shekaru da faɗin ƙuna suka nuna. Idan limoniya, wato ciwon huhu da ƙwayoyin cuta ke jawowa, ta hau kai, ƙarin na iya kaiwa kashi 60.

Shekarun 1970: abin da aka fara gwadawa a gadon asibiti

Dabaru uku aka fi dogara da su a asibitocin ƙuna na wancan zamani, kuma kowace tana da hujjar da ta shiga hankali. Tunda huhu ya kumbura, a ba da maganin rage kumburi na siteroyid. Tunda limoniya ce ke ƙarasa majinyaci, a riga ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta tun ba ta zo ba. Tunda huhun cika yake yi da ruwa, a tsuke ƙarin ruwan da ake yi.

Biyun farko ba su kai labari ba. Gwaje-gwajen ƙarshen shekarun 1970 ba su nuna amfanin siteroyid ba, ga masu ƙuna a fata ma cututtuka ya ƙara musu. Maganin riga-kafin bai hana limoniya ba, sai ma ya bar fili ga ƙwayoyin da ba sa jin magani. Ta ukun ta fi daɗewa ana cacar baki a kanta, domin babu likitan da zai iya raba majinyata gida biyu ya hana wasu ruwa don ya ga abin da zai faru.

Abu ɗaya aka riga aka sani daga dabbobi. A 1945 Alan Moritz da abokan aikinsa sun hura wa karnuka iska mai tsananin zafi, suka ga hanci da maƙogwaro na shanye zafin kafin ya gangara ƙasa. Tururin tafasasshen ruwa ne kawai ke iya kai zafi har cikin huhu. Ke nan abin da ke lalata huhun mai gobara ba wuta ba ce, gubar da ke cikin hayaƙin ce. Yadda gubar ke aikinta sa'a bayan sa'a, shi ne ba wanda ya taɓa gani.

Farkon shekarun 1980: shigowar tumaki

Masu binciken sun zaɓi tunkiya bisa dalilai na aiki. Huhunta ya yi kusa da na mutum a girma, bututun iskarta na da sassan da ke fitar da majina kamar namu, tana da haƙurin tsayawa a keji da bututai a jikinta tana farke. Babban dalilin kuma shi ne dabarar da Norman Staub ya fito da ita a San Faransisko a 1975: ana iya zura siririn bututu a magudanar wata kaluluwa ta cikin ƙirjin tunkiya, a riƙa tarar ruwan da ke tsattsafowa daga huhu. Duk lokacin da jijiyoyin huhu suka fara yoyo, za a gan shi yana ɗiga a kwalba da ido, a auna yawansa, a auna furotin da ke ciki.

Tsarin da aka daidaita a kai daga baya shi ne wannan. Ana ɗaukar balagaggiyar tunkiya mai nauyin kilo 30 zuwa 40, yawanci jinsin Merino. A yi mata tiyata cikin barci a saka bututai a jijiyar cinya, da jijiyar huhu, da ɗakin hagu na zuciya, da magudanar nan. A bar ta ta murmure kwana biyar zuwa bakwai. Ranar gwaji a sake sa ta barci mai zurfi, a huda maƙogwaro a saka bututun numfashi. Kayan hayaƙin ba wani abin ƙasaita ba ne: gwangwanin hayaƙi ne irin na masu kiwon zuma, aka yi masa 'yar kwaskwarima, a cusa masa giram 40 na tawul ɗin auduga a kunna. Ana hura mata shaƙa 12, a dakata a auna jini, a sake, har sau huɗu, jimla 48. Ana sa ido kada zafin hayaƙin ya haura digiri 40, don kada a cakuɗa aikin zafi da aikin guba. Ma'aunin kabon monoksaid na jini, wato wata iskar guba da ke cikin hayaƙi, shi ke tabbatar da cewa kowace tunkiya ta sha daidai da 'yar uwarta.

Daga nan a tashe ta, a jona ta da na'urar numfashi, a yi jinyarta dare da rana kamar majinyacin sashen kulawa ta musamman. Tana tsaye tana cin ciyawa, amma ba a ba ta ruwan sha, domin duk ɗigon da ya shiga jikinta ta jijiya ake so ya bi a rubuta shi.

1985 zuwa 1991: abin da kwalbar ta nuna

Batun ruwa aka fara warwarewa. A 1985 wani nazari kan mutane ya nuna masu ƙuna da suka shaƙi hayaƙi sun buƙaci kusan mililita 5.8 a lissafin nan na kilo da kashi, alhali waɗanda ba su shaƙa ba kusan 4 ta ishe su. A 1986 ɗakin binciken ya gwada abin a kan tumaki kai tsaye. Waɗanda aka tsuke wa ruwa ba su tsira da busasshen huhu ba, yoyon nasu ma ya fi na waɗanda aka wadata. Ruwan da ke cika huhu ba daga yawan ƙarin ruwa yake zuwa ba, bangon jijiyoyin ne ya ɓule.

Me ya ɓula shi? A 1988 aka ba wasu tumaki maganin da ke kashe fararen ƙwayoyin jini kafin a shaƙa musu hayaƙi. Huhunsu ya tsira daga mafi yawan ɓarnar. Wannan ba magani ba ne da za a ba mutum, wanda ba shi da fata kuma a kwashe masa dakarun jiki ai an gama da shi, amma ya nuna cewa jiki ne ke ƙarasa abin da hayaƙi ya faro.

Abin da ya fi ba da mamaki ya fito ne daga wata 'yar jijiya da ba a cika kula ta ba. Huhu na da hanyoyin jini biyu. Babbar ita ce mai kai jini ya ɗauko oksijin. Ƙaramar kuma ita ke ciyar da bangon bututan iska, kuma a lafiya kusan kashi ɗaya cikin 100 na jinin da zuciya ke turawa take ɗauka. A tunkiya wannan hanya daga jijiya guda take tasowa, don haka ana iya auna ta, ana iya toshe ta. Bayan hayaƙi jinin da ke bin ta kan ninka kamar sau goma. Bangon bututun ya yi jajur, ya kumbura, ya riƙa tsiyayar da ruwan jini cikin hanyar iska, ragowar kuma ya gangara cikin huhu ɗauke da sinadaran kumburi. A farkon shekarun 1990 aka toshe jijiyar a wasu tumaki. Kumburin huhu ya ragu sosai, oksijin ya gyaru. Ciwon da ake ta nema a can ƙasan huhu ashe daga sama yake gangarowa.

1990 zuwa 1994: zuciya

Kowa ya ɗauka kabon monoksaid ne ke raunana zuciya, kuma zargin na da tushe. Iskar na manne wa jan sinadarin jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya, ita ce kuma ke kashe mutane da yawa tun a wurin gobara. A 1990 ɗakin binciken ya manna na'urorin auna motsi a jikin zuciyar tumaki, ya shaƙa wa wasu hayaƙi, wasu kuma tsurar kabon monoksaid har jininsu ya kai ma'auni ɗaya. Masu hayaƙin ne ƙarfin matsawar zuciyarsu ya ragu daga baya, huhunsu kuma ya yi yoyo. Masu tsurar iskar ba su nuna haka ba.

Ɓangaren ƙunar fata kuwa a Dallas aka fi tona shi, inda Jureta Horton ta shafe shekaru tana aiki da ɓeraye da ɓeran Masar. Akan ciro zuciyar dabbar da ta ƙone a ɗora ta a na'ura, a ba ta ruwa da oksijin yadda take so. Duk da haka matsawarta ba ta kai ta lafiyayya ba, kuma raunin ya fi tsanani wajen sa'a 24 bayan ƙuna. Ke nan ba ƙarancin jini kaɗai ba ne, naman zuciyar ne da kansa ya yi laushi. An gano ƙwayoyin zuciya na fitar da wani sinadarin kumburi da ake kira TNF, kalsiyam kuma na taruwa a cikinsu fiye da kima. A 1994 aka nuna toshe TNF na kare zuciyar ɓeran Masar daga wannan rauni.

Ga likitan da ke bakin gado, fassarar ita ce zuciyar mai ƙuna na fama ta fuska biyu a ranar farko: jinin da ke dawo mata ya ragu saboda yoyo, ita ma ƙarfinta ya ragu. Wanda ya tsuke mata ruwa ya ƙara mata na uku.

1988 zuwa 1998: daga keji zuwa gadon yara

Duk wanda ya buɗe huhun tunkiyar da ta kwana biyu da hayaƙi yakan tarar da abu guda. A cikin bututan iska akwai wasu curarrun abubuwa masu yauƙi da tauri, waɗanda idan aka jawo su da hantsaki sukan fito da siffar bututun, reshe da 'ya'yan reshe, kamar saiwar da aka tuge. Majina ce, da saɓar bangon bututu, da fararen ƙwayoyin jini, sai zaren fibirin, wato abin da ke daskarar da jini, ya ɗinke su wuri ɗaya. Tari ba ya fitar da su. Bututun da suka toshe, huhun da ke bayansa ya lotse. Wanda suka toshe rabi, iska ta shiga ta kasa fita. Na'urar numfashi kuma ta yi ta tura iskar duka zuwa ɓangaren da ya rage a buɗe har shi ma ya ji rauni.

Tunda fibirin ne zaren ɗinkin, aka yi tunanin hefarin, tsohon maganin hana daskarewar jini. A 1988 aka fesa shi cikin bututun numfashin tumaki tare da wani sinadari, aka ga sauƙi. A 1993 aka ba da shi ta jijiya, tosassun, wato curarrun abubuwan nan, suka ragu, oksijin ya ƙaru.

Asibitin bai jira ba. Daga 1990 ya fara yi wa yaran da suka shaƙi hayaƙi feshin hefarin ma'auni 5,000, da mililita 3 na asetilsistin mai ƙarfin kashi 20 don narkar da majina, kowanne duk bayan sa'a huɗu, tsawon kwana bakwai. A 1998 aka fitar da sakamakon. An kwatanta yara 47 da aka yi wa feshin tsakanin 1990 da 1994 da yara 43 na 1985 zuwa 1989. Mutuwa ta sauka daga kashi 19 zuwa kashi 4 cikin 100. Lotsewar huhu ta ragu, haka ma yawan waɗanda sai an mayar musu da bututun numfashi bayan an cire. Asibitocin ƙuna da dama suka kwaikwayi tsarin.

2001 zuwa 2008: ƙuna da hayaƙi a jiki ɗaya

Yawancin gwajin baya hayaƙi ne zalla, alhali majinyacin gaske da ƙuna yake zuwa. Sai aka ƙara wa tsarin ƙunar harshen wuta mai cin fata gaba ɗaya, kashi 20 cikin 100 a kowane kuiɓi, jimla 40, ana yi cikin barci mai zurfi, a bi da maganin kashe zafi. Ƙarin ruwa bisa lissafin Parkland: tunkiya mai kilo 35 za ta sha lita 5.6 a sa'a 24 na farko, rabi a cikin sa'a takwas. Gwajin kan ɗauki sa'a 48, sannan a kashe dabbar cikin barci a duba huhu.

Haɗuwar biyun ta fi kowanne muni. Ma'aunin da ke kwatanta oksijin na jini da wanda ake hurawa, wanda a lafiya yake kusan 500, kan faɗo ƙasa da 200 cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Awon da aka wallafa a 2003 ya nuna a sa'a 48 tosassun sun cinye kusan kashi 30 cikin 100 na faɗin manyan bututai. An kuma gano jiki na ambaliyar naitirik oksaid, wani sinadari mai buɗe jijiyoyin jini. Lafiyayyen huhu kan tsuke jijiyoyin ɓangaren da iska ba ta shiga, ya karkatar da jini inda ake numfashi. Wannan sinadari ya ɓata dabarar, jini ya riƙa ratsa tosasshen huhu ya fito yadda ya shiga. Magungunan da ke rage shi sun taimaki huhu da zuciyar tumaki, amma ba su isa gadon asibiti ba. Wani ɗan uwansu da aka gwada a kan mutanen da ƙwayoyin cuta suka shiga jininsu, mutuwa ya ƙara, aka dakatar da gwajin.

Sai kuma hefarin ya ba da kunya. A sakamakon 2007, feshinsa shi kaɗai bai gyara huhun tumaki masu ƙuna da hayaƙi ba. Dalilin na cikin yadda yake aiki: hefarin ba ya hana daskarewa da kansa, wani furotin na jini mai suna antitirombin yake zaburarwa, ya ninka masa ƙarfi kamar sau dubu. Babbar ƙuna kuwa zubar da antitirombin take yi. Feshin antitirombin shi kaɗai ma bai wadatar ba. Da aka haɗa su biyun, tosassun suka ragu, oksijin ya gyaru. A 2008 aka samu irin wannan sakamako da antitirombin ta jijiya, hefarin ta feshi.

Bayan 2008

Nazarce-nazarcen da suka biyo baya a kan manya sun rabu, wasu sun ga raguwar kwanakin na'ura, wasu ba su ga komai ba, kuma kusan duka waiwayen fayil ne. An shirya gwaji na ƙa'ida a Holan da Beljiyam, wanda ƙuri'a ce za ta raba masu hefarin da masu ruwan gishiri. Ana neman majinyata sama da 100, aka samu 13, aka rufe saboda ƙarancin masu shiga da tsada. An wallafa abin da aka samu a 2020.

Hukunci

A ganina ribar tumakin nan ba a kwalbar magani take ba, a gyaran fahimta take. Sun kawar da tsuke ruwa, sun wanke kabon monoksaid daga laifin da ba nasa ba, sun mayar da idon likita kan bututun iska. Shi ya sa jinyar yau ta ginu a kan aikin da ba ya burge kowa: oksijin tsantsa a sa'o'in farko, ruwa gwargwadon fitsari, leƙa bututu da kyamara a tsotse tosassu, juya majinyaci, buɗe hanyar iska da feshi. Dabarun da suka faɗi a shekarun 1970 duk zato ne mai kyan gani da ba a auna ba.

Sakamakon 1998 kuwa ina karɓarsa da hannu ɗaya. Yaran rukunin biyu ba a zamani ɗaya aka yi jinyarsu ba, kuma cikin shekaru goma na'urori da tiyata da aikin jinya duk sun canja. Mai yiwuwa feshin ya taimaka, mai yiwuwa ya ci ladan waɗannan. Abin yabo shi ne ɗakin binciken da ya haifi dabarar shi ne ya fito da hujjar da ta rage mata daraja.

Tunkiyar ma tana da iyakarta. Lafiyayya ce, ba ta shan taba, ba ta da asma. Hayaƙin auduga ta shaƙa, ba na roba da katifa mai ɗauke da gubar sayanaid ba. Maganinta na zuwa a kan lokaci, sa'a ɗaya ko biyu bayan rauni. Ana kuma rufe littafinta a sa'a 48, kafin limoniya ta iso, alhali limoniyar ce ke kai haɗarin kashi 60. Ba zan ce dabbar ba ta sha wuya ba don an sa ta barci an ba ta maganin zafi. Kwana biyu a kan na'ura da ƙonannen kuiɓi wahala ce, kuma abin da zai halasta ta shi ne a kai abin da aka gano har ƙarshe. Haɗin hefarin da antitirombin ya yi aiki a keji tun 2007, amma babban gwajin da zai tabbatar ko ya rushe shi a kan mutane bai samu ba, gwajin hefarin kaɗai ma a majinyaci na 13 ya tsaya.